Kunya Uku na Hembadoon

Ni ce mai karanta wa mata Littafi Mai Tsarki a ƙauyenmu, can bayan Gboko, don a lokacin ni kaɗai ce na taɓa zama a aji. Duk Alhamis mukan taru a gindin mangwaron bayan coci, ni in karanta da harshenmu na Tibi, matar fasto ta yi bayani. Ina ji da kaina ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Wata Alhamis, ana cikin cirar gyaɗa, muka kai labarin Rut, matar nan da mijinta ya mutu ta ƙi barin uwar mijin, tana bin gonakin mutane tana kala don su ci. Da na zo inda mai gonar ya ce wa ma'aikatansa su riƙa zubar mata da zangarniya da gangan, sai wata tsohuwa ta tafa hannu.

"Ngunan, sake karanta mana wurin nan! Ina ma a sami irin wannan namiji a garin nan. Namu ko ɓawon gyaɗa ba ya faɗuwa daga hannunsu."

Aka bushe da dariya. Na sake karantawa, har da gyara murya. A can baya Hembadoon na zaune, ba ta yi dariya ba, kallona kawai take yi. Ita ma mijinta ya rasu a bara, danginta sun zo ɗaukar ta ta ƙi, ta ce wa zai riƙa dafa wa uwar mijinta da ba ta gani? Gonar mamacin kuwa 'yan'uwansa sun raba.

Ranar Litinin na je gonata da muka gama cirewa, sai ga Hembadoon a durƙushe tana tonon kunya da ɗan icce, ƙwaryarta ta kusa rabi. Ni kuwa na sayi 'yan aladu biyu, na riga na ƙudura su za su ci abin da ya rage a ƙasa.

"Sannu da aiki, Yaya," ta ce tana murmushi. "Na ce bari in fara da gonar mai karatu."

"Wa kika tambaya?"

"Ai na ji abin da kika karanta mana ne."

"Wancan a ƙasar Yahudawa ne," na ce. "Nan aladuna ke da kalan."

Ta juye gyaɗar a kan kunya, ta kakkaɓe ƙwaryar, ta ɗora a ka ta tafi. Har yau ina jin ƙarar kakkaɓar nan.

Alhamis ta zagayo, wurin Hembadoon ba kowa. Matar fasto ta tambaya, na yi kamar ina neman shafi. Da na buɗe sai bakina ya yi nauyi, na ce maƙogwaro ke damuna. A ranar na cika daro da gyaɗa don in kai mata. Sai na ce bari ta bushe tukuna. Da ta bushe na ce bari a yi kasuwa. Gaskiyar magana, kunyar haɗa ido da ita nake ji.

Sai da aka yi sati uku na ɗauki daron. Na tarar da ƙofar ɗakinsu a ɗaure da igiya, murhu ya yi sanyi. Maƙwabciyarsu ta leƙo.

"Yanzu kika zo, Malamar Littafi? Sun bi motar doya tun shekaranjiya. Wai can Taraba ana ɗaukar masu aikin gona, ta tafi da tsohuwar."

"Wane gari?"

"Ba ta faɗa ba. Wa ya tambaye ta?"

Na dawo da darona a ka, ya fi nauyi a dawowa.

Aladun mun yanka su a Kirsimeti, ko ɗanɗanon naman ban riƙe ba. Tun daga shekarar nake barin kunya uku a bakin gona ba a cirewa, jikokina ma sun san na Hembadoon ne. Mata da yawa sun ci, sun yi godiya. Duk direban da ya fito daga Taraba sai na tambaye shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ba wanda ya san ta.