Harafi Ɗaya a Rumfar Magdalena

Nazeer Bakano ne, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya. Ya yi boko mai zurfi, amma a Abuja da cikinsa aka san shi. Asabar da Lahadi ba ya zama gida. Sai ya ɗauki waya ya bi gidajen abinci, yau Wuse gobe Maitama, ya kafa wayar a gaban faranti yana ci yana surutu, mutane kuma suna kallonsa daga ɗakunansu kamar ba su da aikin yi. Ya nuna musu inda ake gasa kifi a gaban mai saye. Ya nuna shagunan da ake sayar da cuku da 'ya'yan itacen da ko sunansu ba mu sani ba. Ya nuna kofunan nan masu dogon wuya da suke kira kwaktel, waɗanda ake zuba wa zoɓo da ƙanƙara, a yanka kokwamba a maƙala a baki, a soka 'yar lema, sannan a laƙaba masa sunan Turanci. Kullum sai ya rantse wa masu kallo cewa nasa babu giya a ciki.

Da bazara ta kankama, masu kallon suka ce sun gaji da gidajen gilashi. Girkin gida suke so su gani, irin na itace da hayaƙi. Wani direban ofishinsu ya ce masa in dai wannan ne, ya tafi Lugbe, bayan tashar 'yan Keke, ya tambayi rumfar Maman Clara.

Maman Clara ita ce Magdalena, mutuniyar Filato, gajeriya mai ƙarfin hannu. Rumfarta ta kwano ce da katako, da bencuna a gaba, da murhu a baya. Tana yin tuwon shinkafa, tana yin gwate irin na garinsu, amma farfesun akuyarta shi ke tara mata jama'a. A jikin rumfar akwai teburin Hafsah, mai zoɓo da kunun aya, doguwar Bazazzagiya mai baki, wadda ba ta ragawa kowa. Sun daɗe kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya ci yajin Magdalena, wajen Hafsah yake kashe wutar. Idan Hafsah ta tafi salla Magdalena ke duba mata kulolin zoɓo, ranar Lahadi da safe kuma Hafsah ke hura wa Magdalena wuta kafin ta dawo daga coci.

Nazeer ya iso da rana tsaka, bencuna cike da 'yan acaɓa da leburori da kanikawa. Ya goge wuri da hankici ya zauna, ya kafa wayarsa. Hafsah ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wa Magdalena yau ga ɗan gwamnati ya zo duba ko suna wanke hannu. Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce Hajiya ta kawo zoɓo mai sanyi, zai gwada shi da na Maitama. Ta ce nata ba ya zuwa da lema, in rana ta dame shi ya matsa inuwa.

Aka kawo farfesu. Ya kai loma ɗaya ya lumshe ido, ya shiga gaya wa wayarsa cewa duk yawon da ya yi bai taɓa cin nama mai laushin wannan ba. Ya tsotse ƙashi, ya share romo da tuwo. Sannan ya ɗaga murya, don injin niƙa na maƙwabta yana ta ruri.

"Madam, a ƙaro. Wai wannan wane irin nama ne haka?"

Magdalena tana can baya cikin hayaƙi. Farkon maganar kawai ta ji, cewa a ƙaro. Ta leƙa tukunya ta ga saura kaɗan, ga kuma mutane na jira. Ta leƙo tana share gumi.

"Oga, nama na kare."

Abin da take nufi shi ne naman yana ƙarewa. Hausarta ta kasuwa ce, a bakin tukunya ta koye ta. Harshenta bai taɓa iya ƙa ba, ka take cewa, kuma takan gutsure ƙarshen magana. Duk wanda ya saba da ita ya san haka, in da zai tsaya ya yi tunani.

Nazeer bai saba da ita ba. Ya ajiye cokali, ya ce ta maimaita.

"Na kare, Oga. Tun safe mutane na ci. Suna so sosai."

Ta faɗa tana murmushi, don a ganinta yabon girkinta take yi.

Ya miƙe tsaye, benci ya kife. Ya sa yatsa a maƙogwaro ya kwara amai a kan takalmansa. Da ya ɗago, ido jajir, sai ya juya ga jama'a ya ce sun ji da kunnensu, matar nan kare take ciyar da su, ta faɗa har sau biyu, kuma ga shi a waya.

Wani lebura ya dubi kwanonsa ya tofar da abin da ke bakinsa. Wani ya ce dama ya daɗe yana mamakin laushin naman nan. Wani ya ce ai mutanen can suna ci, kowa ya sani. Waɗannan mutane ne da suka shekara suna lashe mata kwano, amma babu wanda ya ce a tsaya a tambaye ta.

Friday ne ya fara. Bakanike ne, garejinsa na tsallaken titi, cocinsu ma ɗaya da Magdalena. Yana da wani jan kare mai gadin gareji, wanda ya ɓata kwanakin baya. Ya tashi da sifana a hannu, ya ce ashe a cikinsa karensa yake. Ya shuri teburin kwanuka, ya shiga bayan rumfa.

Magdalena ta ɗaga hannu tana tambayarsa lafiya. Sifanar ta sauka a kan hannun, aka ji ƙarar ƙashi. Kafin ta kai ƙasa wani ya hankaɗe ta, ta faɗa kan kaskon da take suyar doya, tafasasshen mai ya kwaranyo mata daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ihun da ta yi ya sa mai injin niƙa ya kashe injinsa.

Suka ja ta a ƙasa ta ƙafa ɗaya zuwa bakin titi. Ɗankwalinta ya tsaya a jikin ƙusa. Aka ɓalle katakon benci. Wani ya ɗauki muciyarta, da ita ya riƙa dukan bayanta har ta karye. Wasu matasa suka kifar da babbar tukunya, romo ya malale, kan akuya ya gangaro gaban kowa da ƙahonninsa. Sun gan shi sarai. Wani ya ce wannan na rufe ido ne, karen yana ƙasa. Suka tattake kan akuyar suka wuce.

Hafsah ba ta nan lokacin da abin ya tashi, ta zagaya karɓo ƙanƙara. Ta dawo da buhu a ka ta tarar da taro ya toshe titi, 'yan acaɓa suna ta ajiye babura suna shigowa, waɗanda ba su ma san me aka yi ba. Ta tambayi wani, ya ce wata ce aka kama da naman kare. Ta tambayi wani, ya ce ai da bakinta ta faɗa, wai nama na kare.

Hafsah ta yar da buhun. Ta ji wannan magana daga bakin Magdalena kusan kullum, duk sanda tukunya ta yi ƙasa.

Ta kutsa da gwiwar hannu da haƙori. Wani ya mare ta, ta rama. Da ta isa tsakiya, an riga an zura wa Magdalena tsohuwar taya a wuya, Friday kuma yana tsiyaya mata fetur daga jarka, yana zuba a gashinta da kan ƙunar. Fuskarta ta kumbura, ido ɗaya ya rufe, leɓenta ya tsage. Ba ta ihu kuma, sunan 'yarta kawai take kira a hankali.

Hafsah ta faɗa kanta. Ta zauna a cikin fetur ɗin, ta rungume ta tare da tayar, ta buɗe hijabinta ta lulluɓe su su biyu.

"Friday, ga ashana can a kan murhu. Ɗauko ka ƙyasta. Amma ka sani da ni za ka haɗa."

Aka yi ta jan ta, ta ƙi saki. Wani ya sauke mata katako a gadon baya, wani ya jefo dutse ya fasa mata goshi, jini ya rufe mata ido. Ta share da gefen hijabi, ta nemo Nazeer a cikin taron. Yana tsaye a gefe, wayar na hannunsa, bakinsa a buɗe.

"Kai, ɗan gwamnati, matso. Ba kai ne mai jin Hausa ba? Matso ka ji."

Ta tallabo haɓar Magdalena, ta kara bakinta a kunnenta, amma da ƙarfi ta yi maganar don na kusa su ji.

"Maman Clara, ce ƙofa."

Magdalena ta dube ta da idon da ya rage. Ba ta gane ba. Hafsah ta girgiza ta, ta ce don girman Allah ta faɗa.

"Kofa."

"Ce ƙafa."

"Kafa."

"Ce ƙarya."

"Karya."

Wani daga baya ya ce kun ji, har da macen karen. Amma na gaba ba su yi dariya ba. Hafsah ta ce mata ta faɗi abin da take cewa idan shinkafa ta kusa ƙarewa. Magdalena ta tofar da jini da guntun haƙori.

"Shinkafa na kare."

Leburan da ya fara tofar da abinci ya sauke katakonsa. Na kusa da shi ya ja da baya. Hafsah ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, tana kiran sunayensu, tana tambayar ko yau suka fara jin bakin matar nan, ko shinkafar ma kare ce. Ta ce wa Friday shi da ko sannu ba ya iya faɗa daidai, yau shi ne alƙalin Hausa.

Nazeer ya gane. Ya shiga tsakiya yana ɗaga hannuwa, yana cewa a tsaya, kuskure ne, shi ne bai ji daidai ba. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Turanci. Amma na baya sun fi na gaba yawa, kuma su ba su zo don su ji bayani ba. Wani ya ce an saye shi. Wani ya ce ai shi ne ya fi kowa cin karen. Kwalbar lemo ta fashe a ƙeyarsa, ya durƙusa, aka bi ta kansa. Wani ya fizge wayar ya shige taro da ita.

Friday yana tsaye da jarka a hannu. Ya dubi matan biyu a jiƙe da fetur, ya dubi taron da ke ingiza shi daga baya suna cewa ya gama aiki. Ba shi da ƙarfin halin ƙona su, ba shi da na cewa ya yi kuskure. Sai ya juya ya wurga jarkar cikin rumfa, inda murhu ke ci.

Wutar ta tashi da ƙara, har kwanon rufi ya ɗaga. Taron ya watse baya, ana tattake juna. Wutar ta kama katako, ta kama buhun shinkafa, ta lashi teburin Hafsah, kulolin zoɓo suka narke. Wani siririn harshenta ya biyo sawun fetur a ƙasa yana nufo bakin titi.

Hafsah ta gan shi. Ta cire tayar ta wurgar, ta kama Magdalena ta hammata ta ja. Nauyi ya fi ƙarfinta. Sai ga Nazeer da rarrafe, jini na bin wuyan rigarsa, ya kama ƙafafun. Suka tsallaka kwata da ita, wutar ta iso inda suka tashi ta cinye tayar.

Masu Keke suka ƙi tsayawa, kowa ya ga jini sai ya ƙara wuta. Hafsah ta shiga tsakiyar titi ta tsaya, ta ce sai dai a bi ta kanta. Wani dattijo ya taka birki. Suka shimfiɗa Magdalena a kujerar baya, kanta a cinyar Hafsah. Nazeer ya sa ƙafa zai shiga, Hafsah ta ce ya sauka, ya nemi nasa. Ya sauka, ya tsaya a bakin kwata yana kallonsu.

Keken ya hau babban titi, warin fetur ya cika shi. Duk ramin da aka faɗa sai Magdalena ta yi nishi. Hafsah ta riƙe mata karyayyen hannun don kada ya yi lilo, tana ce wa mai Keke ya yi sauri, tana kuma ce masa ya yi a hankali.

Can Magdalena ta buɗe ido. Ta ce Clara za ta taso daga darasin Asabar ta tarar da wuta. Hafsah ta ce za ta aika a tare ta a hanya, a kai ta gidanta. Magdalena ta lumshe ido, kamar ta yi barci. Sannan ta sake motsa leɓe, Hafsah ta sunkuya.

"Hajiya, me na yi musu?"

Jinin goshin Hafsah ya ɗiga a kumatun Magdalena, ta sa yatsa ta share.

"Ba ki yi komai ba. Yi ta numfashi kawai, ga asibitin can."

Mai Keke ya karya kwana ya shiga ƙofar. Hafsah ta fara ƙwala wa ma'aikatan kira tun kafin ya tsaya, suka fito da gadon turawa, suka ɗauke ta tana numfashi.