Dutsen Dakta a Gindin Tukunya

"Sauke tukunyar nan, Inna! Don Allah sauke ta!"

Dakta Mainasara, masanin duwatsu, ya faɗo tsakar gidan mai unguwar Danchadi ko sallama babu. Ga dutsensa can ya yi baƙi ƙirin, shi ne cikon na ukun murhu, tukunyar tuwo zaune daram a kansa. Duk yawon da shi da abokan aikinsa suka sha tsakanin Bodinga da Shagari, wannan dutse kaɗai ya sa na'urar neman yuraniyom kuka. Ga gwamnati ta tsuke bakin aljihu, man motarsu na komawa ne kawai. In ya koma jami'a babu dutsen, binciken nukiliya ya mutu ke nan.

Laraba, matar mai unguwa, ko muciya ba ta saki ba. "Ɗana, tuwon baƙi na, ku ne baƙin. Ba a taɓa murhu sai an kwashe."

Mainasara ya juya kan abokan aikinsa. "Maniru, ba kai na ba ajiya ba?"

"Ni nukiliya na karanta," in ji Dakta Maniru. "Aunawa ce tawa, na kuwa auna. Gadin tsakuwa aikin 'yan duwatsu ne."

"Tsakuwa? To kai Garba, ba don ka yi magana da mutanen gari aka ɗauko ka ba?"

Malam Garba, masanin halayyar jama'a, har ya wanke hannu. "Nazari nake yi. In na sa baki, na ɓata nazarin."

Maniru ya miƙa na'urar wajen murhu, ta kama ƙyas-ƙyas-ƙyas.

"Mi ya samu abin ga?" in ji Laraba. "Shi ma yunwa?"

Garba ya tsaya cak. "Tuwon nan zai ciwu kuwa?"

"Wannan sai likita," in ji Maniru. "Shi kuwa tun a ofis aka soke kujerarsa."

Ana kwashe malmala ta ƙarshe, Mainasara ya tuɓe kwat ɗinsa ya sungumi dutsen da zafinsa. Kwat na ƙauri, shi yana dariya.

Sai ga wata ƙatuwar sallama daga zaure. Wani dogon mutum ya leƙo, gora a kafaɗa.

"Daga Mandera nike. Ina masu tabaran da sunka tumɓuke dutsen iyakar gonata? Maƙwabcina har ya shigo mini da garma!"

Maniru da Garba suka nuna Mainasara a tare, karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya.