Doki Ba Ya Amai

Shekara talatin da ɗaya ina dandaƙe dawaki a filayen kiwo na Casanare, a ƙasar Kolombiya, kuma ko ɗaya bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Da can da fariya nake faɗin haka. Yanzu ina faɗa ne don a san irin mutumin da ya aikata abin da na aikata.

Aikin ba wuya ga wanda ya iya. Ka tsira wa doki allurar ketamin a jijiyar wuya, ya zube, ka rufe masa ido da tsumma, ka yi abin da ya kawo ka. Daga nan kowa ya ja da baya. Ba a tsayawa a kan doki yana farfaɗowa, don motsi kaɗan sai ya firgita ya zabura ya karya ƙafa. A bar shi shi kaɗai cikin shiru, ya tashi don kansa. Na sha zagin masu garke a kan wannan ƙa'ida, har da waɗanda suka girme ni.

Ƙanena Nemesio shi ne autanmu, shekara tara tsakaninmu. Mutum ne da ko a gidan makoki sai ya sa wata tsohuwa ta toshe baki don dariya. Sai kawai ya mutu a tsaye. Ba wanda ya rasu masa, saniya ko ɗaya ba ta ɓace ba. Ya daina hawa doki, ya daina aski, ya kwanta a ragar da muke ɗaurawa a baranda yana kallon kwanon rufi. Ni da bakina na ce lalaci ne, kuma na faɗa masa a gaban matarsa Herminda. Ranar da na tarar da shi a gindin mangwaro da igiyar kama shanu a hannu, yana auna reshe da ido, ranar na haɗiye maganata. Na kwashe duk igiyoyin gidan da bindigar mahaifinmu na kulle a akwati.

Likitoci suka ce ciwon damuwa ne. Shekara uku yana haɗiyar ƙwayoyi, ba abin da ya ƙaru sai ƙiba da barci. Daga baya wata likita a birnin Yopal ta ce a gwada masa ketamin ta ƙarin ruwa. Da Herminda ta faɗa mini, dariya na yi har da tari.

"Maganin dawakina? To ki faɗa mata ta kula, kada ta zarce ta yi masa sauran aikin."

"Yaya, kai dai bakinka ba linzami," in ji ta. "In ma haniniya zai dawo yana yi, ni dai ya tashi."

Ya kuwa tashi. Bayan zuwa na uku na ji fito daga wajen rijiya, na leƙa, sai ga Nemesio yana wanke fuska. Ya dube ni ya ce, "Tsoho, wannan gashin bakin naka, akuya ce ta yi maka aski?" Na juya na shiga garke na yi kuka kamar yaro. Tun daga nan duk bayan mako uku Herminda ke tasa shi gaba da sassafe su tafi Yopal, su dawo da yamma. Ban taɓa raka su ba, ban kuma taɓa tambayar yadda ake yi ba. Me za a koya mini a kan ketamin?

A watan Yuni Herminda ta tafi gari jinyar mahaifiyarta, da niyyar ta dawo ta ɗauke shi ranar asibiti. Kwana biyu da tafiyarta kogin Pauto ya cinye gada, fili duk ya zama tafki, waya ta ɗauke. Ranar asibiti ta zo ta wuce. Mako ɗaya, mako biyu. Ina kallo fiton ya tsaya, rezar aski ta yi tsatsa, ya koma raga. Kofi kawai yake kurɓa, shi ma sai na tsaya a kansa.

Wata safiya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, kwalbar nan da ke cikin jakarka, ita ce dai."

"Ta dabbobi ce."

"Sunan ɗaya ne. Na karanta a jikin tasu."

"Na ce a'a. Kai doki ne?"

"Da ni doki ne da tuni ka harbe ni ka huta."

Kwana biyu ina ƙi. A na uku na tarar an ɓalle kwaɗon akwati da guduma. Bindiga tana nan, igiya ɗaya ce babu. Na same ta a ƙarƙashin bargonsa. Bai musa ba, bai ba da haƙuri ba, cewa kawai ya yi, "Ba zan kai ruwan nan ya janye ba." Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma tsoron ne ya yanke shawara. Na ce a raina, hannun da ya kwantar da doki dubu ya tashe su, zai kasa da mutum ɗaya?

Na yi komai da kula. Na tafasa allura. Na rage maganin ƙwarai, na sake ragewa. Sai na tuna da mahaifiyarmu, wadda ko ƙwayar ciwon kai ba ta bari a sha da yunwa. Na dubi Nemesio, duk ya zama ƙashi da fata, na ce wannan jikin ba zai ɗauki allura haka ba. Na yanka kaza na yi farfesu da rogo, na cika kwano na ajiye masa a cinya.

"Ci tukuna, auta. Ba na yi wa mai yunwa allura."

Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ɗago ya kalle ni. Ya ɗauki cokali.

Rana tana tsaka na yi masa. Ya kwanta rigingine a raga, idanunsa suka fara yawo, ya yi ɗan murmushi. Na ji bugun zuciyarsa, lafiya lau. Na ninke tawul na rufe masa ido. Na kori kaji daga baranda, na ɗaure kare can bayan garke don kada ya yi haushi, ni ma na zauna a can ina ɗinkin wani sirdi. Har daɗi nake ji yadda gidan ya yi tsit.

Doki ba ya amai. Haka Allah ya halicce shi, abin da ya shiga cikinsa ba ya dawowa ta baki. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa juya wani a gefe don kada ya shaƙe ba, ban taɓa tunanin haka ba ko sau ɗaya. Da na koma baranda bayan kusan awa guda, tawul ɗin yana nan yadda na ajiye shi. Na ɗaga. Na fito da shi daga raga, na ƙwaƙule masa amai daga baki da yatsa, na danna ƙirji, na hura, na yi ta kiran sunansa har muryata ta dushe. Karen ne kawai ya amsa daga bayan garke.

Washegari wani maƙwabci ya ɗauko Herminda a kwalekwale. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a bakin baranda, na tsaya a gabanta na faɗa mata komai, a zatona ban rage ba. Da na zo kan tawul da kare, ta rufe ido.

"A can asibiti nas ba ta matsawa ko taku ɗaya," in ji ta. "Ni ma ina riƙe da hannunsa har ya dawo."

Da na ambaci farfesu sai ta buɗe ido.

"Ya ci abinci?"

"Na ga ba ƙarfi a jikinsa."

"Yaya, ba a ci. Tun daga daren jiya ake daina ci. Me ka ɗauka yake sa mu fita ba karin kumallo?"

"Ban sani ba, Herminda. Na rantse ban sani ba."

"Kai ba ka sani ba." Ta dubi ragar da ba kowa a ciki. "Duk zuwa sai nas ta tambaye shi, shi da bakinsa, ko ya sa wani abu a ciki. Sau goma sha ɗaya tana tambayarsa, tana kuma faɗa masa dalili."

Akwai abin da ban faɗa mata ba, ba don ɓoyo ba, don sai a lokacin na gane nauyinsa. Mutumin da ya yi mako biyu ba ya iya haɗiye loma, ranar nan ya cinye kwanon tas, ya miƙo mini na ƙara masa. Ni kuwa na ruga madafa da gudu, ina murna.