Rasiɗin Hawa na Biyu

"Shigo mana, Hilmi, ban mutu ba tukuna," in ji Hajja Nabawiyya daga kan gado. "Dubiya ka zo ko awon ɗaki?"

Hilmi ya tsaya a bakin ƙofa da kwanon miya a hannu, kunya ta rufe shi, don kuwa igiyar awon tana aljihunsa. Mahaifinsa ne ya gina benen nan a unguwar Shubra, ya zuba 'yan haya, yana cewa wanda ya bar wa 'ya'yansa gidan haya ya bar musu saniyar tatsa. Sai doka ta ɗaure kuɗin haya inda yake. Shekara hamsin da ɗaya Hajja tana biyan fam bakwai a wata, kuɗin da yau ko ƙwai biyu ba ya saye. Saniyar tana nan, nonon ne babu.

Dillali ya ce ranar da hawa na biyu, inda Hajja take, ya dawo hannun Hilmi, fam dubu shida zai riƙa kawowa duk wata. Matarsa Su'ad kuwa sau uku a mako ake yi mata wankin ƙoda. Ya sayar da mota, ya sayar da awarwaronta, yanzu firji yake wa kallon kuɗi. Shi ya sa yake kasa kunne ga tarin Hajja, matar da ta goya shi yana yaro, kuma ya tsani kansa saboda abin da yake jira.

"Afaf, ba yayanki shayi," in ji tsohuwar.

Afaf 'yarta ce, wata takwas ke nan da mijinta ya sake ta, ta dawo da yara mata biyu da akwati ɗaya. Ta ajiye shayin ba ta dube shi ba. Kowa a ɗakin ya san ƙa'idar: sai 'ya ta cika shekara tare da uwarta take gadon hayar, in ba mai gida ne da hannunsa ya rubuta rasiɗi da sunanta ba.

"Wata huɗu kacal nake roƙo, jikin ya ƙi," Hajja ta ce. "Yaya Su'ad?"

"Da sauƙi, Inna."

"Tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba. In na daɗe, matarka ta wahala. In na tafi, wannan ta koma titi. Ka ga ko mutuwar ma ban san ranar da zan roƙa ba."

Ta rasu ranar Talata da hantsi. Hilmi ne a gaban makara a matsattsiyar matakalar nan, yana kuka na gaskiya. A wurin zaman makoki dillalin ya matso, ya yi gaisuwa, ya raɗa masa cewa akwai wani likita da zai biya na wata shida gaba ɗaya.

Ran ɗaya ga wata Afaf ta hawo da kuɗin haya cikin ambulan a hannu ɗaya, kwanon miyarsa a ɗayan.

"Inna ta ƙirga shi da kanta, ta ce kada ta tafi da haƙƙinka." Ta sunkuyar da kai. "Sunan kuma, Yaya, ka rubuta wanda Allah ya nufe ka."

Ya jawo littafin rasiɗi. Daga ƙuryar ɗaki Su'ad tana nishi, ƙafafunta sun kumbura, yau kwana biyar rabonta da asibiti. Ya daɗe riƙe da biro, sannan ya rubuta: Nabawiyya Abdulmalak, marigayiya.

Afaf ta karanta, ta ninke takardar gida huɗu.

"Na gode. Ka ba mu zuwa ƙarshen wata. Ka gaida Su'ad."

Ya saurari takunta har ta sauka, ƙofar hawa na biyu ta rufe a hankali. Sai a lokacin ya buɗe murfin kwanon. An wanke shi tas, kuma da yake a gidan Hajja ba a mayar da kwanon maƙwabci haka nan, akwai dabino guda biyar a ciki.