Hantar Gyartai

…ludayi uku dai, babu ƙari. Ɗaya da hantsi, ɗaya in rana ta take, ɗaya bayan magariba, shi ma kurɓi-kurɓi. Yau kwana ashirin da uku Kalilu gyartai yana auna wa cikinsa ruwa haka, kuma ga shi zaune da ransa a inuwar ɗakinsa a Argungu, basilla a hannu, tsagaggiyar ƙwarya a cinya. Alhamdu lillahi. Wa ya zaci yatsun nan za su sake jan zaren kaba?

Ƙishi kam… a bar zancen ƙishi. Bazara ce, kowa ma yana ji. Harshe ne kawai ya ɗan kumbura, sai jiri in ya ɗago daga ruku'u, sai fitsari da ya koma launin zoɓo. Abin da ya fi masa daɗi yanzu duk duniya kurkurar baki wurin alwala. Sau uku, a furzar, ko ɗigo kada ya zarce. Da salloli goma ne a wuni, wallahi da bai yi ƙorafi ba.

Jakin nan! Mutum ya shekara hamsin a bakin gulbi, kada bai taɓa shi ba, dorina ba ta kife masa jirgi ba, sai jakin mai albasa a tsakiyar kasuwa. Ya sunkuya ne fa zai ɗauki ludayin da ya faɗi — dum! a ƙasan haƙarƙarin dama. Har dariya aka yi. Shi ma ya yi, kafin gumi mai sanyi ya karyo masa, ciki ya tashi ya yi tauri. Motar En'e, hanyar Birnin Kebbi, kowane rami sai ya ji shi a ransa. Garin Ambursa ne wancan? Bai sani ba. Sabuwar tutar nan mai kore da fari a ƙofar asibiti, ita ce abu na ƙarshe da ya gani a juye.

Da ya farka ɗinkin ya fara dubawa, mai sana'a ba ya barin hali. Goma sha ɗaya a fatar ciki, tazara daidai, ƙulli a gefe. Hannun likitan nan ba laifi. Da ƙwarya ce da ya ɗan matse na bakwai, amma ba laifi.

Sai Silvanus, mai jinyar nan ɗan wajen Jos, mai fara'a, wanda ya yi ta juya shi a gado kamar ubansa ne, ya zo ya ɓata komai da gaskiyarsa.

"Baba, na waje ke nan. Na ciki ba duka aka ɗinka ba. Hanta ba ta riƙe zare, in ka ja sai ya yanka ta. Likita ya sa wani sabon gam, ɗan kaɗan, jinin ya tsaya nan take."

Gam. A cikin mutum. A cikin gyartai kuma, duk mutanen da ke ƙasar Kabi!

Ya ce masa, "Ɗana, in ya jiƙa fa?" Ko bai ce ba? A zuci ya ce, bakin ya yi nauyi a lokacin. Ranar sallama yaron kirkin ya riƙe masa hannu har bakin mota, yana ta nanatawa, a sha ruwa da yawa, Baba, a sha kunu, a sha romo. Kalilu ya gyaɗa kai. Me zai ce? Sun yi boko, sun san allura, sun ceci ransa, Allah ya saka musu. Amma liƙi da ruwa… wannan kuma a bar wa masu shi.

Don ya sani. Ba labari aka ba shi ba.

Hodi masunci, suna samari, ya kawo gorarsa ta kamun kifi, babbar nan da ake kifa ciki a kai a bi gulbi, ta tsage kamar tsawon yatsa. Ranar ana kiɗa a dandali, zuciya tana can. Ɗinki zai ci wuni. Sai Kalilu ya narka ƙaro ya shafe tsagar, ya goga toka, ta yi sumul, ko mahaifin Kalilu bai gane ba. Ta kwana biyu lafiya lau. Rana ta uku a tsakiyar gulbin Matan Fada ƙaron ya jiƙa ya saki, gora ta sha ruwa, aka tsamo Hodi da ƙyar, ana danna masa ciki yana amai. Mahaifin Kalilu bai doke shi ba. Ya dai ajiye gorar a ƙofar ɗakinsa shekara guda, duk wanda ya shigo sai ya tambaya.

Tun daga ranar bai sake liƙa komai ba. Shi ne yau aka liƙa.

To me ya rage? A tsare gam ɗin, shi ke nan. Kunu mai zafi a'a, zafi yana narka liƙi. Tuwo da ɗan gishiri, miya a gefen kwano. Wanka a goge da tsumma. Ruwan da matarsa Riskuwa take kawowa cike da ƙwarya kuwa, in ta juya baya sai gindin barkonon nan da ke kusa da tabarmarsa. Shekara talatin da aure bai taɓa ɓoye mata ko goro ba, yanzu ga shi yana satar zubar da ruwa kamar ɓarawo. Kunya yake ji. Amma yana son ya rayu, yana so ƙwarai. Jikarsa ta fara tafiya, damina tana tafe, ga ƙoren mutane jibge suna jira…

Ga ta nan ma ta fito, da tire da wuƙa. Kifi ne, giwan ruwa, tsawon hannu. Hodin nan dai ne ya aiko, tsoho mai yafiya, wai a yi wa marar lafiya romo. Ta zauna a kan turmi a gabansa, ta dubi barkonon, ta dube shi.

"Malam, barkonon ga naka ya hi na kowa kore cikin garin ga. Mi kaka ba shi?"

Bai ji ba. Basilla ta shige, zare ya biyo. Ai mai ɗinki ba ya magana.

"Litinin in mun koma Birni, ni ka gaya ma Silvanus da bakina."

Ta je ta faɗa masa ɗin. Hantarta ce? Matar nan… da ba don ita ba da a kasuwa ya mutu ana dariya, ita ta tsaya a gaban motar ta hana ta wucewa. Kalli yadda take kankare ɓawon, fuska a murtuke, idanu sun yi ja. Kuka ta yi a madafi, ya sani. Allah ya bar masa ita.

Wuƙa ta shiga cikin kifin, ta tsaga har wuya. Ta zura hannu ta zaro kayan ciki, ta ware hantar a gefen tire, don ta san yana so. Tana sheƙi. Tana zamewa a yatsunta, ruwa-ruwa da jini suna bin gwiwar hannunta suna ɗiga a ƙasa.

Jiƙe take.

To kifi ne, a ruwa yake kwana. Ragon layya fa? Shi da hannunsa yake feɗewa kowace shekara, a tudu, a rana, ragon da ya wuni a ɗaure bai sha komai ba. Hantarsa… jiƙe. Ta akuya, ta kaza. Bai taɓa zura hannu a cikin wata dabba ya ji bushewa ba, ko sau ɗaya.

Basillar ta tsaya.

Ashe tun ranar da aka rufe shi gam ɗin a cikin ruwa yake? Fiye da kwana ashirin da uku, dare da rana, babu wanda ya tsame shi ya shanya. Ƙaron Hodi kwana biyu ya yi. To ko wannan wani iri ne da ruwa ba ya ci, duk ƙishin nan barkono ya yi wa bauta. Ko kuwa yana nan yana saki a hankali, gefe-gefe, ludayi uku ko tulu uku duk ɗaya ne. Wanne? Da ƙwarya ce sai ya ɗaga ta sama ya duba ta a hasken rana, ya bi tsagar da babban yatsa. Wannan gyaran ba zai taɓa ganinsa ba har ya shiga kabari.

Dariya ce take son zuwa ko kuka? Maƙogwaro ya bushe da yawa, ba ya iya ko ɗaya.

Ruwan hantsi yana nan a ƙwarya, bai kai ga zubarwa ba, na randa, har ƙwaryar ta yi raɓa. Ya ɗauka da hannu biyu. Bismillahi. Kurɓi ɗaya… a'a, ya kafa kai. Sanyin yana gangarawa, yana jin inda ya kai, ƙirji, ƙasan ƙirji, kusa da wurin — wayyo daɗi, Allah, daɗi! Wuƙar Riskuwa ta daina motsi. Bai dube ta ba.

Ya ajiye ƙwaryar babu ko ɗigo. Ya ɗora tafin hannu a ƙasan haƙarƙarin dama, ya sunkuyar da kai, yana saurare.