Naman da Ya Hau Keke

Ga ta nan tafe, ga ta nan ku, jikokina.

Ta iso mu ji ta, Kaka.

Kun san Yurani, 'yar ƙanwata, wadda ba ta cin nama? To ba haka aka haife ta ba. Tun tana kai madara garin Paipa a keken ubanta ba ta da buri sai shiga tseren keke na mata a duwatsun Boyacá. Da wani mai suna Don Eliécer ya buɗe sansanin horo a bayan garinmu, ya ce a ciki zai zaɓi masu zuwa tseren, ita ta fara isa.

Horo ya yi horo. Kullum hawan dutse cikin sanyi, abinci daga ruwan mazarƙwaila sai dankali, sai ɗan soyayyen nama da dare. Ba a jima ba sirdi ya saɓule mata mazaunai, ko a benci ba ta iya zama. Don Eliécer tsohon ɗan tsere ne, maganin zamaninsu kaɗai ya yarda da shi. Ya miƙo mata yankan ɗanyen nama mai faɗin tafin hannu.

"Sa a wando, 'yar nan, ki zauna a kai. Duk 'yan uwanki haka suke yi."

Tsikar jikinta ta tashi, amma ta sa. Sanyi, santsi, ga ƙarni idan rana ta ɗaga. In sun dawo, Doña Herminda mai girki ta bi su da roba ta karɓe naman. Yurani ta ɗauka karnuka ake ba wa. Har yabon suyar matar take yi, wai ba ta taɓa cin nama mai laushinsa ba.

Wata la'asar ta leƙa kicin neman ruwan zafi, sai ta tarar da Doña Herminda tana tsamo naman daga robar nan, ta ɗan ɗauraye, ta jefa a kasko.

"Inna! Me zan gani haka?"

"Abincinku mana. Kun wuni kuna daka min shi, gishiri ma ya ji. In zubar? Allah ya kiyaye."

"To na wa na riƙa ci?"

"Oho. Suna ne a jiki?"

Yurani ta fita bayan ɗaki ta amayar har da na makon jiya. Daga ranar ta koma dankali zalla, ƙafafunta suka fara rawa a hawa. Don Eliécer ya lura. Da safen ranar zaɓe ya dire faranti gabanta da kansa.

"Ba na kai mai jin yunwa tsere. Ki cinye, ko ki koma tallar madara."

Ta kalli naman, maiƙo yana naso, gefensa ya lanƙwashe. Ƙawarta Maryuri ta leƙo.

"Ci abinki, 'yar gari, wannan nawa ne. Ga shatin sirdina nan. Kuma shekaranjiya na yi wanka."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Yurani ta toshe hanci, ta haɗiye shi loma-loma ba tauna, hawaye na zuba. Ta hau keke, ta danne cikinta har ƙololuwar dutsen, ita ce ta biyu. Sai da aka kira sunanta cikin waɗanda aka zaɓa ta juya ta amayar da naman kan takalmin Don Eliécer.

Ta je tseren, ta gama shi lafiya, kuma har yau ko ƙanshin suya ta ji sai ta bar wurin. Maryuri ba ta samu shiga ba, ta buɗe shagon gyaran keke. Don Eliécer ya tsufa yana rantsuwa naman ne ya kai ta. Doña Herminda tana sayar da abinci a tasha, ni dai ban taɓa saya ba.