Kukan Tukunya Ta Biyu

Shekara ashirin da shida Baba Kunne ya yi a gindin tukwanen sabulu kafin a ɗauke shi a kai shi bene. Ba laifi ya yi ba, ƙarin girma aka yi masa.

Sunan ma a wurin ya samo shi. Tukwanen kamfanin uku ne, kowace ta fi ɗakin kwanansa faɗi. Idan mai da soda suka fara tafasa a ciki, sai ya tsaya ya karkata kai kamar mai sauraron gulma a bayan ƙofa. In tukunya tana ɓulɓulowa a hankali, lafiya lau. In kuwa ta fara wani siririn kuka a ƙarƙashin tafasar, soda ta yi yawa ke nan. Sai ya laƙato kaɗan a bakin sanda, ya bari ya huce, ya taɓa a harshe. In ya tsikare shi, sai ya ɗaga hannu, duk wanda ya fi kusa da famfon mai ya buɗe. Babu takarda, babu sa hannu.

Tsohon da ya kafa kamfanin bai taɓa tambayar wa ke gaba da wa ba. Da ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida, ɗansa ya karɓa, ya ce a riƙa ce masa Manaja. Ba mugun mutum ba ne, karatu ne dai ya cika masa kai. Shi ya kawo wani ƙwararre mai farin allo, wanda ya yi mako biyu yana zagaye yana tambayar kowa, "Wa kake kai wa rahoto?" Da ya zo kan Baba Kunne, Baba ya ce, "Rahoton me? Ai ga tukunyar nan kowa na ganinta." Mutumin ya rubuta wani abu a littafinsa. Bayan kwana kaɗan ya cika allon da zanen akwatuna, kowane da sunan sashe a ciki. Daga ranar ma'aikata suka laƙaba masa Mai Akwatuna.

Tukwane suka faɗa akwatin Sashen Sarrafawa. Aka ba mijin ƙanwar Manaja, wanda kowa ke kira Suruki a bayan idonsa. A da can tayoyin mota yake sayarwa, kuma ba ya shiga ɗakin tukwane sai da hankici a hanci. Baba Kunne aka ba shi akwatin Sashen Inganci, da ofis a sama mai fanka, da kujera mai juyawa. Ya tsaya gaban allon ya daɗe yana kallo. Daga akwatinsa layi ya miƙe sama zuwa Manaja. Daga na Suruki ma haka. Tsakaninsu kuwa fari fat.

Ya juya wurin Manaja. "Yallaɓai, to in na ji tukunya ta ɓaci fa?"

"Sai ka cike takarda, Baba. Ta zo wurina, ni in saukar wa Sarrafawa. Layi ba ya tafiya a kwance. Sama yake zuwa, sannan ya sauko. Kuma batun lasar sabulu a bar shi, za a sayo maka takardun gwaji."

Gurbinsa a ƙasa aka sa Dogo, ƙanin matarsa. Baba Kunne ne ya kawo shi kamfanin shekara tara da suka wuce. Dogo na da ƙarfi, ga riƙon amana, ga 'ya'ya huɗu, amma kunnensa bai gama nuna ba. Ranar da aka faɗi canjin, matar Baba ta ajiye masa ruwan wanka ta ce, "Ƙanin nan nawa a hannunka yake. Ka sa masa ido." Ya ce, "Ai ina samansa, ina zai je?"

A makon farko ya sauka ya ce wa Dogo ya ƙara mai a tukunya ta uku. Sabulun ya fito lafiya, shi kuma ya samu wasiƙar gargaɗi, wai ya tsallake layi ya ba ma'aikacin wani sashe umarni. Suruki ne ya kai ƙara. Karo na biyu ko magana bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga daga kan matakala, wani ya buɗe famfo. Wasiƙa ta biyu ta zo. Manaja da kansa ya miƙa masa, yana jin nauyi.

"Baba, kai kamar uba ne a wurina. Amma in na bar ka, kowa zai yi. Ta uku, tsarin ya ce ƙofa. Kada ka sa ni."

Sai ya daina sauka. Ya koyi zama. Da safe ya rataye hularsa, ya buɗe taga, ya zauna ya ɗora hannu biyu a kan tebur. Ko juya kujerar ba ya yi. Takardun gwaji ba su zo ba, suna jiran Sashen Sayayya, Sashen Sayayya na jiran Manaja.

Ranar wata Talata, goma saura minti goma, kukan ya shigo ta taga. Tukunya ta biyu ce. Siriri ne, a can ƙasa, irin wanda in ba ka san shi ba sai ka ce iska ce a bututu. Baba Kunne ya ji yawu ya taru a bakinsa, harshensa na neman abin da zai taɓa. Ya san sha biyu ake juye ta cikin kwanonin daskarewa. In an juye, an gama.

Ya tashi ya je teburin Sakatariya, wata dattijuwa da ke taya shi rubutu, don nasa rubutun sai shi ke iya karantawa.

"Ba ni takardar nan."

"Wacce, Baba? Ruwan ɗorawa ko shuɗiya?"

"Ta ɓacin tukunya."

"Shuɗiya ke nan." Ta zaro, ta gyara gilashi. "Lokaci, goma saura goma. Matsala?"

"Soda ta yi yawa. A ƙara mai."

"Nan kuma sun ce hujja. Sakamakon gwaji."

"Babu abin gwajin."

"To me zan sa?"

"Ki sa na ji da kunnena."

Ta yi dariya, sannan ta dubi fuskarsa ta daina. Ta rubuta yadda ya faɗa, ta kai ɗakin Manaja, ta dawo da takardar a hannu. Manaja na taro da Mai Akwatuna, a kan yadda za a inganta sadarwa tsakanin sassa, kuma sun ce kada a ƙwanƙwasa musu. Ta ajiye ta a farantin takardun da ke bakin ƙofa, ta zama ta bakwai a cikin tarin.

Ya tuna da waya, sai ya tuna wayoyin 'yan ƙasa suna kulle a akwatin maigadi tun safe. Wannan ma sabon tsari ne.

Ya fita ya tsaya a kan matakala. Matakai goma sha takwas ne, ya sha ƙirga su. Zafin ɗakin ya bugi fuskarsa, da ƙamshin man da ya saba da shi fiye da na gidansa. Daga nan kukan ya fito sarai. Dogo na tsaye a gefen tukunyar, rigarsa jiƙe da gumi, yana juya sanda. Suruki na nesa kaɗan, hankici a hanci, yana duba agogo.

Dogo ya ɗago ya gan shi, ya washe baki.

"A'a, Yaya na sama! Sanyi bai kama ka ba? Ko in aiko maka da garwashi?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Suruki ya juyo, ya sauke hankicin, ya zuba wa Baba Kunne ido. Jira yake.

Kalma biyu ce, ƙara mai. Ko hannu ya ɗaga ya isa. Hannun na kan ƙarfen matakalar, yana kallonsa kamar na wani. Ya tuna wasiƙu biyun da ke cikin aljihun teburinsa. Ya tuna shekarunsa, da cewa babu kamfanin da zai ɗauki tsoho mai aiki da harshe. Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba.

"Sannu da aiki, Dogo," ya ce.

"Yawwa, Yaya! A gaida fanka!"

Ya koma ofis ya zauna. Sha ɗaya ya leƙa farantin, takardar na nan, an ƙara biyu a kanta. Sha biyu ya ji ƙarar sarƙa, ya ji an karkata tukunyar, kukan ya ɗauke. Sakatariya ta kawo masa shayi. Ya sha duka, bai san ko akwai sukari ba.

Ƙarfe huɗu takardar ta dawo da hatimi da rubutun Manaja a ƙasa: a haɗo da sakamakon gwaji. Washegari ya cike wata, a hana sabulun fita. Aka ce fitar kaya na ƙarƙashin Sashen Tallace-tallace, kuma tasu takardar ruwan ɗorawa ce, a sake. Kafin a sake, an yanka, an naɗe, manyan motoci uku sun fita da shi.

Kwana goma aka yi kafin mata su fara taruwa a bakin ƙofar kamfani, da masu wanki da guga. Ba su yi hayaniya sosai ba. Hannuwa kawai suke miƙa wa maigadi ta tsakanin ƙarafa, tafin ya saɓule, tsakanin yatsu ya tsattsage. Baba Kunne ya kalle su ta taga. Ya san irin ciwon, kwana ashirin yake yi.

Aka kafa kwamiti. Manaja, Suruki, Mai Akwatuna da shi. Mai Akwatuna ya ɗora yatsa a kan allo, ya biyo layi daga sama, ya ratsa ta akwatin Suruki bai tsaya ba, ya sauka har ƙasa kan wani ɗan ƙaramin akwati da aka rubuta mai kula da tukunya.

"A nan abin ya faru," ya ce.

Baba Kunne ya ce, "Yallaɓai, na rubuta."

"Ka rubuta, Baba," in ji Manaja, ya ɗaga shuɗiyar takardar. "Goma saura goma. Ga shaida nan cewa tsarin na aiki, Sashen Inganci ya gano matsala tun kafin a juye. Zan sa a cire wasiƙun nan biyu daga fayil ɗinka."

"Amma ba ta sauka ba."

"Wannan za mu duba shi a taro na gaba."

Aka kira Dogo. Ya shigo da hularsa a hannu, yana taka kafet a hankali don kada ya ɓata. Aka karanta masa komai, har da shuɗiyar takardar, don ya san ba a zalunce shi ba. Da aka zo wurin "na ji da kunnena", sai ya juyo.

"Yaya, ka ji ta?"

"Na ji."

"Lokacin da ka tsaya a matakala?"

"Eh."

Dogo ya gyaɗa kai sau biyu. Bai ɗaga murya ba. "Ni kuma ina ce maka a gaida fanka."

Takardar sallama na buƙatar hannu uku, na uku na shugaban Inganci. Aka turo masa ita da biro. Ya duba wurin da Sakatariya ta sa ɗan ɗigo don kada ya ɓata, ya sa hannu. Ya ajiye biron.

Da ya koma gida da yamma ya tarar da matarsa a tsakar gida tana wanki. Sabulun da ke hannunta kore ne, na wani kamfani. Shekara ashirin da shida ba a taɓa shigo da irinsa gidan ba. Ba ta ɗago ba.

"An ce an yaba maka."

"An yaba."

"To, sannu. Abincinka na ɗaki."

Ta matse riga, ta shanya, ta ɗauki wata. Ya shiga ya ci abincin duka, ya wanke hannu, ya zauna a bakin gado da takalmansa a ƙafa.

Ranar Litinin an kawo sabon mai kula da tukunya daga wani kamfanin fenti. An kuma ƙara akwati ɗaya a allo, Sashen Bibiyar Takardu, aka ba wani abokin Suruki. Baba Kunne ya rataye hularsa, ya buɗe taga, ya ɗora hannu biyu a kan tebur. Wajen sha ɗaya saura, tukunya ta uku ta fara siririn kukanta.

Ya saurara har ya tabbatar. Sannan ya tashi ya rufe tagar, ya leƙa wurin Sakatariya.

"Ba ni shuɗiya," ya ce.